Yaƙin Naira Dubu Ɗaya a Ƙofar Giginya

Da sunan Allah Madawwami, wanda ganuwa take zubewa mulkinsa yana nan daram, muke buɗe wannan babi na tarihi. Labari ne na gwarzon ƙarni, sadaukin zamani, Malam Cindo ɗan Jatau, ɗan Tanko Mai Mabuɗi, ɗan Barmo wanda ya rufe ƙofa a fuskar mahara ɗari tara bai furzar da goron bakinsa ba, ɗan Gagare, ɗan Nomau, ɗan Bawa Dogo wanda aka damƙa wa amanar ƙofar tun lakarta ba ta gama bushewa ba. Shi ne Sarkin Ƙofa na bakwai a jerin masu tsaron Ƙofar Giginya ta tsohon birnin Gawasa. Kogin zance, wanda ya shige ka da hantsi sai la'asar zai ga tudu! Rumbun tarihi da ɓera bai san hanyarsa ba! Na Tabawa, zakin ƙofar da ba ta da ƙyaure!

Gaskiya ce, ƙofar ba ta da ƙyaure. Gara ta yi masa ƙawanya tun zamanin kakansa, ta ci shi da yaƙi ba tare da an busa ƙaho ba. Abin da ya iso hannun Cindo na gado abu biyu ne: mabuɗin ƙarfe mai nauyin guduma, wanda babu sauran abin da yake buɗewa a doron ƙasa, da kuma labarin ƙofar, wanda yake buɗe komai ga wanda ya tsaya ya saurara. Shekara talatin da huɗu yana shimfiɗa buzunsa a ƙarƙashin bakan ƙofar. Yakan nuna wa baƙo yadda magina suka karkata mashigin da gangan, don kada raƙumi ya wuce da kaya sai an sauke, kada mahayi ya shigo da sukuwa sai ya ja linzami. Yakan nuna dutsen da maharba suka wasa kibiya a kansa har ya yi kwari kamar turmi. Daga ƙarshe yakan kai baƙo lungun hagu, ya durƙusa, ya nuna masa shatin tafin hannu ƙarami a jikin bango, na Kande 'yar babban magini, wadda ta kawo wa ubanta fura ta dafa ɗanyar laka, uban kuma ya hana a shafe.

Mu kuwa mutanen Gawasa, Allah ya yafe mana, muna bi ta ƙarƙashin bakan nan safe da yamma da babura da buhunan gero, kuma da yawanmu za su shiga kabari ba su san akwai hannun yarinya a lungun hagu ba. Wannan nauyi ne a wuyanmu, ba a wuyan baƙi ba, kuma yana da kyau a faɗe shi tun kafin a fara zargin kowa.

Musiba ta zo ne a cikin farar mota, da takarda a hannunta. Wani malamin jami'a ya sauka garin, ya yi mako biyu yana tare masu yawon buɗe ido yana tambayarsu ko za su yarda su biya a yi musu bayanin wurin. Cikin kowane mutum goma, takwas suka ce za su biya da farin ciki, wasu har suka rantse cewa naira dubu ɗaya ta yi kaɗan. Mutum a gaban takarda karimi ne ƙwarai, domin takarda ba ta miƙo hannu. Malamin ya bar sakamakon bincikensa ga Ƙungiyar Raya Gari ya tafi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Lawwali mai sayar da siminti, amirul jaishi, wato sarkin yaƙin wannan zamani, ya tara majalisarsa a ƙarƙashin fankar shagonsa, ya aika aka kirawo Cindo.

"Sarkin Ƙofa," in ji Alhaji Lawwali, "ilimi ya tabbatar mutane za su biya. To ina abin da suka biya?"

"Ranka ya daɗe, suna yin godiya."

"Godiya ba ta yaɓe bango. Ga shawarar majalisa: mun ba ka Lahadi uku. In baƙo ɗaya tak ya biya dubu ɗaya don bayaninka, da yardar ransa, za mu tabbatar maka da kujerarka, mu yi maka rumfa. In ba haka ba, za mu kafa allon ƙarfe a rubuta tarihin a jiki, kowa ya karanta da kansa. Mai fenti ya ce kalma arba'in za ta shiga."

"Kalma arba'in? Alhaji, gaisuwar da nake yi wa baƙo ma ta fi haka."

"Shi ya sa," in ji Alhaji Lawwali.

Haka aka ɗaura ɗamarar yaƙi, aka yanka wa'adi, aka san abokin gaba. Allo ne, wanda bai da maƙogwaro da zai bushe, bai da gwiwar da za ta yi ciwo, kuma ba zai taɓa durƙusawa a lungun hagu ba.

To a nan ya wajaba a bayyana inda ɓarakar ganuwar gwarzonmu take. A Gawasa ba a karɓar alherin baƙo a miƙon farko. Ƙa'ida ce da ba a rubuta ba, amma ta fi rubutacciya ƙarfi. Baƙo zai miƙo, mai gida ya ce, "Haba, bar shi." Baƙo ya sake miƙowa, mai gida ya ja da baya ya ce, "Wallahi ba za a yi haka ba." Baƙo ya matso a karo na uku ya cusa masa a aljihu, sannan mai gida ya kau da kai kamar an zalunce shi ya ce, "Kai, ka shiga ɗawainiya." Da haka mai bayarwa yake tafiya da girmansa, mai karɓa ya zauna da nasa. Kakannin Cindo sun karɓi kuɗin ƙofa a kan gishiri da kanwa da fatu ba tare da sun ƙifta ido ba, domin wannan hakkin sarki ne. Amma a cikinsu shida ɗin nan babu wanda ya taɓa buɗe baki ya yanka wa magana farashi. Abin da Cindo bai lura da shi ba, ko ya lura ya ƙi yarda, shi ne cewa baƙin yanzu ba su zo da miƙo uku ba. Ɗaya suke zuwa da shi, shi ma a gajiye.

Ranar Lahadin farko runduna ta bayyana daga gabas: doguwar mota cike da ɗaliban kwaleji arba'in da malaminsu. Suka biya mai tsaron mota. Suka biya mai banɗaki. Suka sayi ruwan leda har ya ƙare, suka afka wa tukunyar ɗanwaken Tabawa, uwargidan Cindo, wadda take kasa sana'arta a gefen ƙofar, suka bar ta wayam. Sannan gwarzo ya miƙe, ya ɗaga mabuɗi sama ya yi kururuwar yaƙinsa da ta saba girgiza tantabarun bakan: "Ku matso, 'ya'yana, ƙofa za ta yi magana!" Ya yi ta zuba balaga da fasaha, ya kawo mahara ya kore su, ya sauke raƙuma ya ɗora musu kaya, har ɗaliban da ke latsa waya suka ɗago kai. Da ya kammala, malamin ya sa hannu a aljihu.

"Baba, ko akwai wani abu da ake bayarwa?"

"Haba, Malam, bar shi."

"To madalla. Allah ya saka da alheri."

Hannun ya fito daga aljihu da hankici. Malamin ya share gumi, ya ƙirga ɗalibansa, mota ta tashi. Cindo ya tsaya da "wallahi ba za a yi haka ba" a kan harshensa, kamar mayaƙin da ya zare takobi ya tarar fagen fama ya watse.

Lahadi ta biyu ta kawo Bature guda ɗaya da tafintansa. Wannan bai latsa waya ba. Sa'a biyu cur yana rubutu a ɗan littafi, ya auna kwarin dutsen da yatsa, ya durƙusa a gaban hannun Kande har wandonsa ya yi ƙasa. Da aka gama ya zaro takardun kuɗi masu kauri ya miƙo da hannu biyu. Tabawa ta saki ludayi. Cindo ya ce, "Haba, bar shi," tafinta kuwa, Allah ya shirye shi, ya fassara da aminci. Bature ya dafe ƙirji, idonsa ya kawo ruwa, ya mayar da kuɗinsa da sauri kamar wanda ya yi saɓo, ya rubuta a littafinsa, kamar yadda tafintan ya shaida daga baya, cewa ya sadu da al'ummar da ake ci wa mutunci idan aka ba ta kuɗi. Ya ba Cindo biro na tunawa. Wannan ita ce ganimar da aka samu a yaƙi na biyu, kuma ba ta rubutu sai an hura mata iska.

Washegari da safe aka yi majalisar yaƙi a tsakar gida, Tabawa tana kwaɓa garin ɗanwake, gwarzo yana zaune a kan turmi.

"Malam," in ji ta, "shekara talatin ina sayar da abinci a ƙofar nan. Ka taɓa jin na ce wa wani bar shi?"

"Ke naki abinci ne."

"Naka kuma iska ce? Maƙogwaron da kake yin tarihin da shi, ba ɗanwakena ke riƙe da shi ba? Ce dubu ɗaya ne."

"Tabawa, ubana Jatau..."

"Allah ya jiƙan Baba Jatau, shi ba a yi masa barazana da allo ba. Ce dubu ɗaya ne."

Ya faɗa. Muryar ta fito kamar ta ɗan akuya da aka taka. Ta sa shi ya maimaita. Kwana shida gwarzo yana atisaye. Ya faɗa wa giginyar da ke bakin ƙofa, ta karɓa ba musu. Ya faɗa wa dutsen maharba. Ya faɗa wa bango da irin haibar da ta sa ƙadangare ya sauka ya ba shi wuri. Ranar Asabar har ya faɗa wa wani jaki da ke wucewa, yana kallonsa ido cikin ido, kuma waɗanda suka gani sun ce babu rawa ko kaɗan a muryarsa. Amma idan ya koma kan buzunsa shi kaɗai, sai ya riƙa juya mabuɗin a hannu yana tunani. In ya yanka farashi, ya sayar da abin da aka ba shi amana kyauta. In bai yanka ba, allo zai zo, hannun Kande ya koma tabo a bango, kuma shi ne na bakwai da ƙofa za ta yi shiru a hannunsa. Ta kowane gefe ya duba, laifin nasa ne.

Sai ga Lahadi ta uku, ranar da alƙalami ya bushe a kanta. Alhaji Lawwali da kansa ya zo shaida, aka ajiye masa kujerar roba a inuwa. Hantsi ya wuce ba kowa. Azahar ta wuce, sai wasu samari biyu da suka ɗauki hoton kansu suka tafi ba ko sallama. Ana gab da la'asar wata baƙar mota mai tsayi ta tsaya, wata dattijuwa ta fito da 'ya'yanta manya guda uku. Sunanta Hajiya Asabe, likita ce a birni. Kakanta ɗan Gawasa ne da ya yi ƙaura tun kafin a haife ta, ita kuma ba ta taɓa taka garin ba sai ran nan.

Cindo ya ɗaga mabuɗi. "Ku matso, ƙofa za ta yi magana!"

Masu tarihi sun yi ittifaƙi cewa ba a taɓa jin irin bayanin wannan rana ba, kuma ba za a sake ji ba. Ya fara daga ranar da aka kwaɓa lakar farko da ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, ya bi ta kan sarakuna da fatake da shekarun yunwa, muryarsa tana hawa tana sauka, har masu babura suka kashe inji, mai banɗaki ya bar bakin aikinsa, Alhaji Lawwali ya manta yana riƙe da waya a kunne. Da aka iso lungun hagu ya durƙusa, Hajiya Asabe ta durƙusa tare da shi. Ta ɗora tafinta a kan na Kande, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Kakana ya ba ni labarin hannun nan," in ji ta, hawaye yana zuba. "Na ɗauka tatsuniya ce."

Ta miƙe, ta buɗe jaka. "Baba, nawa ake biya?"

Duniya ta tsaya. Tantabaru suka yi shiru. Tabawa ta ɗauki murfin tukunya ta buga shi da ludayi sau ɗaya, wanda shi ne tambarin wannan yaƙi. Kalmomi ukun da aka yi kwana shida ana wasawa suka taso daga cikin gwarzo, suka hau maƙogwaro, suka iso bayan haƙora. A nan suka tarar da Jatau da Tanko da Barmo da Gagare da Nomau da Bawa Dogo zaune a kan harshensa, sun harɗe ƙafa, sun rufe ƙofa.

"Haba, 'yata," in ji Cindo. "Bar shi."

Tabawa ta ce, "Innalillahi."

Amma jinin Gawasa bai ƙare a jikin Hajiya Asabe ba. Ta matso taki ɗaya, ta miƙo kuɗin. "A'a, Baba, don Allah ka karɓa. Abin da ka ba ni yau ya fi wannan."

Miƙo na biyu! Abin da ba a gani ba a ƙofar nan shekara da shekaru! Zuciyar gwarzo ta cika da farin ciki irin na wanda ya ji harshen garinsu a baƙuwar ƙasa. Ga wadda ta san ƙa'ida. Saura taki ɗaya, kuma nasara za ta zo ta hanyar kakanni, ba tare da an yanka wa magana farashi ba. Ya ja da baya cikin izza da jalala, ya ɗaga tafin hannu, ya ba da amsa ta biyu kamar yadda aka gada, da dukan ƙarfinsa:

"Wallahi ba za a yi haka ba!"

Ya ɗan juya gefe, ya saki bakin aljihunsa don sauƙaƙa wa miƙo na uku.

Hajiya Asabe ta tsaya. Mace ce mai tsoron Allah, wadda ta tashi a gidan da ba a wasa da rantsuwa. Ta dubi dattijon da girmamawa mai yawa, ta mayar da kuɗin cikin jaka, ta ja zif.

"Tunda ka rantse, Baba, ba zan sa ka kaffara ba. Allah ya bar mana irinku."

An ce ƙarar zif ɗin nan an ji ta har kasuwa. Mu da muke jefa sunan Allah a cikin gaisuwa da ciniki da ƙin abin da muke so, ran nan wata baƙuwa ta ɗauki rantsuwarmu da nauyin da ya kamace ta, kuma muka rasa inda za mu sa fuskarmu.

Kafin ta shiga mota ta miƙa wa Cindo wayarta ya ɗauke su hoto a gaban ƙofar, aka nuna masa inda zai danna. Sannan ta ratsa wurin Tabawa ta cusa mata naira dubu ɗaya a hannu ta ce, "Inna, ki saya wa Baba goro." Tabawa, wadda ba ta gaji sarautar kowa ba, ta karɓa a miƙon farko.

Da ƙurar motar ta kwanta, Alhaji Lawwali ya taso. Bayanin ya taɓa shi, kuma ba mugun mutum ba ne. Ya dubi takardar kuɗin a hannun Tabawa, ya yi gyaran murya.

"Sarkin Ƙofa, ga dubu ɗaya, ga baƙuwa, ga yardar rai. In ka ce na bayani ne, ni shaida ne, magana ta ƙare."

Tabawa ta zuba wa mijinta ido irin wanda ke huda garkuwa. Rumfa tana tsaye a gabansa, kalma ɗaya ce tsakaninsu. Gwarzo ya dubi mabuɗi, ya dubi lungun hagu.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "goro ta ce."

Bayan mako biyu aka kafa allon. Kore ne, da farin rubutu, kalma arba'in cif kamar yadda mai fenti ya yi alkawari. Goma sha huɗu daga ciki sunayen 'yan majalisar ƙungiya ne. Babu Kande a ciki, babu Barmo da goronsa, kuma an rubuta shekarar ginin da kuskuren ƙarni ɗaya. Baƙi suna son sa ƙwarai. Ba su cika karantawa ba, amma kowa yana so a ɗauke shi hoto a gabansa, kuma mai hoton kansa ba ya iya haɗa fuskarsa da allo da bakan ƙofa a waya ɗaya. Dole sai an sami wanda zai riƙe.

Tabawa ce ta ga wannan ɓaraka a rundunar abokan gaba. Ta sa aka rubuta a jikin kwali, "Ɗaukar hoto, ɗari biyu," ta jingina shi da tukunyarta, ita ke karɓa. Ba a taɓa samun wanda ya yi musu ba. Mutumin da zai ji tarihin ƙarni huɗu ya tafi da godiya kawai, yana biyan kuɗin danna waya tun kafin a tambaye shi.

Can za ka same shi yau, Sarkin Ƙofa na bakwai, jikan masu rufe ƙofa a fuskar mahara, da mabuɗi rataye a kafaɗa da wayar baƙo a hannu. Yakan jera su a gaban allon, ya ce na dama ya matso, na hagu ya gyara hula. Idan suka tsaya cak, suka buɗe haƙora, ba mai iya motsi kuma wayarsu tana hannunsa, sai ya ɗaga ta daidai fuskarsa, ya ɗora yatsa a kan wurin dannawa, bai danna ba.

"Ku dakata haka, hasken bai daidaita ba," in ji shi. "Kafin ya daidaita, wannan mashigin da kuke tsaye a ciki, kun san abin da ya sa aka karkata shi?"